Ƙira: yadda ake miƙe wuƙar da ta karkace bayan ban ruwa ba tare da ta rasa taurinta ba

Makonni kaɗan kamin babbar salla, rumfunan maƙera ba sa samun hutu. Daga kasuwar Katako ta Yamai har zuwa kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, kowa wuƙa yake nema. Mahauci na son ta yanka da ta fiɗa, mai kilishi na son doguwa siririya wadda zai yanka nama falle-falle da ita, magidanci kuma na son wadda zai yi layya ba tare da ya je aro gidan maƙwabci ba. A irin wannan lokaci na gaggawa ne aka fi gamuwa da wata matsala da duk wanda ya taɓa riƙe awartaki ya san ta. An ƙera wuƙa ta yi kyau, an gurje ta, an ba ta ruwa, ana fiddo ta sai a ga ta yi baka zuwa gefe guda.

Abin da ke fara zuwa zuciyar ɗan koyo shi ne ya ɗora ta bisa uwar maƙera ya sa mata masaba. In ya yi haka, sau da yawa ƙarar da zai ji ita ce ta karyewa, aikin yini guda da gawayi da ƙarfe sun tafi. In kuma ya mai da ta cikin wuta har ta yi laushin da za ta miƙu da sauƙi, to taurin da aka sha wuya aka samu ya gudu, kuma mahaucin da ya saye ta zai dawo da ita bayan rago biyu yana cewa ba ta riƙe kaifi. Tsakanin waɗannan asarori biyu akwai hanya, kuma ba ta bukatar kayan aiki masu tsada. Abin da take bukata shi ne sanin lokacin da ƙarfe ke karɓar gyara, da sanin iyakar zafin da ba a ƙetarewa.

Abin da ke faruwa cikin ƙarfe lokacin ban ruwa

Mafi yawan wuƙaƙen da maƙeranmu ke yi daga tsohon ƙarfe suke fitowa, musamman faifan resor na motoci da tsohon magagari. Abin da ya bambanta su da rodin gini shi ne yawan sinadarin karbon da ke cikinsu, wato irin sinadarin da ke cikin gawayi. Ƙarfen resor na da karbon wajen kashi 0,6 cikin 100, magagari kuwa ya haura kashi 1 cikin 100. Rodi bai kai rabin na resor ba, shi ya sa komai ruwan da aka ba shi ba ya yin taurin kirki.

Idan aka gasa ƙarfe mai karbon ya wuce digiri 727, tsarin ƙwayoyin cikinsa na fara sauyawa, karbon ɗin ya narke ya bazu a jikinsa kamar yadda sukari ke bazuwa cikin shayi. A digiri 770 mayen ƙarfe ke daina kama shi. Wannan gwaji ne mai sauƙi da kowa zai iya yi da mayen ƙarfen tsohuwar lasifika. Zafin ban ruwa na ɗan sama da nan, tsakanin digiri 800 da 850 ga irin waɗannan ƙarafa. In aka bar ƙarfen ya huce sannu a hankali, karbon na samun lokacin komawa mazauninsa, ƙarfen ya fito da laushi. In aka tsoma shi cikin mai ko ruwa farat ɗaya, karbon ɗin na maƙalewa inda yake, sai a samu wani sabon tsari mai tsananin tauri wanda masana ke kira martansit, daga sunan wani masanin ƙarfe Bajamushe, Adolf Martens, wanda ya rasu a 1914. Wannan mataki shi ne malaman makarantun koyon sana'a ke kira trempe da faransanci.

Abubuwa biyu game da martansit su ne tushen duk bayanin da zai biyo baya. Na farko, ba ya samuwa tun daga lokacin da ƙarfe ya taɓa mai. Sai zafin ya sauko zuwa wajen digiri 250 zuwa 200, gwargwadon irin ƙarfen, sa'annan yake fara samuwa, ya ci gaba har ƙarfen ya huce. Na biyu, ya fi tsarin da ya gabace shi cin wuri, har kusan kashi 4 cikin 100. Ke nan wuƙa na tsukewa saboda sanyi, tana kuma kumbura saboda sauyin tsari, duk cikin ƙasa da minti biyu.

Me ke sa ta karkace

In ɓangarorin wuƙa biyu suka huce tare, suka sauya tare, za ta fito miƙe. In ɗaya ya riga ɗaya, sai ta ja gefe. Abubuwan da ke kawo wannan bambanci sanannu ne. Akwai gurzar da ta fi cin gefe guda, ta bar ɗayan da kauri. Akwai kwantar da wuƙa cikin gawayi yadda fuskar da ke kallon iskar zuga-zugi ta fi ta sama zafi. Akwai shigar da ita cikin mai a karkace, ko kaɗa ta hagu da dama kamar ana dama kunu. Akwai kuma ajiye ta kwance bisa ƙarfe mai sanyi ana fiddo ta, fuskar ƙasa ta riga ta sama hucewa. Shi kansa ƙarfen resor yana da nasa hali, domin ya shekara da shekaru a lanƙwashe ƙarƙashin mota yana ɗaukar kaya, kuma bugun masaba na barin wata damuwa a cikinsa wadda ba ta bayyana sai ya ji zafin ban ruwa.

Maƙeran takobi na ƙasar Japan sun daɗe suna amfani da wannan hali da gangan. Suna shafe gadon bayan takobi da yumɓu mai kauri su bar bakin da ɗan kaɗan, bakin ya riga baya hucewa, takobin ya fito da lanƙwasar nan da aka san shi da ita. Abin da su ke nema ta fuskar baki da baya, shi ne ke zame wa maƙerin wuƙa matsala in ya faru ta gefe.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Wuƙar da ta fito daga ban ruwa tana da tauri, amma tana da gautsi kamar gilashi. In ta faɗi bisa siminti tana iya darewa. Shi ya sa ake sake ɗumama ta da zafi kaɗan domin a rage gautsin, abin da ake kira revenu da faransanci, mu kuma za mu kira shi gashin sassauci. Ga wuƙar yanka nama, zafin da aka saba shi ne digiri 180 zuwa 220, na tsawon awa ɗaya zuwa biyu, sau biyu. A ma'aunin tauri na Rockwell, wanda masana'antu ke aiki da shi, ƙarfen magagari na fitowa daga ban ruwa da maki wajen 65, ya sauko wajen 60 bayan gashin sassauci. Na resor na ɗan ƙasa da haka.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi yana karanta launi. In aka goge ƙarfe ya yi fari aka ɗumama shi, launukan na zuwa bi da bi. Wajen digiri 200 zuwa 220 yana yin ruwan busasshen kara. Wajen 240 zuwa 260 ya koma ruwan zuma mai duhu. Wajen 270 zuwa 280 ya yi kalar ɓawon albasar Galmi. Wajen 300 ya yi shuɗi, daga nan sai toka-toka. Bakin wuƙar yanka bai kamata ya wuce ruwan kara ba. Shuɗi launin resor ne, yana lanƙwasawa ya dawo, amma ba ya riƙe kaifi yadda mahauci ke so.

Ƙa'idar ita ce: wuƙar da aka yi wa gashin sassauci a digiri 200, ana iya mai da ta digiri 200 sau biyu, sau ukku, har sau huɗu, taurinta ba zai ragu ba sai ɗan abin da hannu ba ya ganewa. Amma in bakinta ya kai digiri 300 sau ɗaya tak, ko na ɗan lokaci ne, taurin ya tafi, kuma ba ya dawowa sai an sake ban ruwa daga farko. Duk hanyoyin da za a ambata a ƙasa a kan wannan ƙa'ida suke tsaye.

Akwai kuma dalilin da ya sa ƙarfi kaɗai ba ya aiki. Kowane ƙarfe in aka tanƙwara shi kaɗan yana komawa yadda yake. Ba ya zama a sabon wuri sai an wuce da shi wata iyaka. A ƙarfe mai laushi, tsakanin wannan iyaka da karyewa akwai tazara mai yawa. A ƙarfe mai tauri tazarar ƴar kaɗan ce, wani lokaci ma babu ita. Zafi na digiri 200 na buɗe wannan tazara, lokaci kuma na ba ƙarfen damar saki.

A fara da dubawa

Kamin a taɓa wuƙa, a san inda karkatar take. A riƙe ta a saitin ido, a bi gadon bayanta da kallo daga ƙota zuwa tsini, sa'annan a juya a bi bakin. A kwantar da ita bisa gilashi ko wani ƙarfe shimfiɗaɗɗe a ga inda haske ke shiga ta ƙasa. A sa alama da alli a ƙololuwar doron. Karkata iri ukku ce. Akwai wadda wuƙar duka ta yi baka, ita ce mafi sauƙin gyara. Akwai wadda ta murɗe, tsini na kallon wani wuri daban da ƙota. Akwai kuma wadda bakin kaɗai ya yi kwana-kwana kamar gefen ganyen latas, alamar an gurje shi ya yi siriri da yawa kamin ban ruwa.

A duba tsaga kuma. A rataye wuƙar da zare a ƙwanƙwasa ta da wani ƙarfe. Lafiyayya na yin ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa ƙararta gajera ce, a dushe. Wuƙar da ta tsage ba a ɓata lokaci wajen miƙe ta, domin za ta karye ko yau ko ran da take hannun mai yanka.

Dama ta farko: daƙiƙun bayan fitowa daga mai

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ta zauna daidai. Tunda martansit ba ya fara samuwa sai zafi ya sauko ƙasa da digiri 250, akwai ɗan lokaci da wuƙa ta riga ta tsallake matakin da zai sa ta yi tauri, amma ba ta taurare ba tukuna. In aka fiddo wuƙa mai matsakaicin kauri daga mai bayan daƙiƙa 8 zuwa 10, tana hayaƙi amma man jikinta bai kama wuta ba, tana cikin wannan hali. A lokacin tana da laushin da za a iya miƙe ta da hannu in an sa safar hannu ta fata mai kauri.

Lokacin bai kai minti ɗaya ba, ga siririyar wuƙa ma bai kai rabin haka ba. Da zarar an ji ta fara gardama, a tsaya nan take. Wanda ya ƙara matsawa bayan wannan alama shi ke tashi da guntaye biyu. A riƙa matsawa ta wajen gadon baya, domin bakin, da yake siriri ne, ya riga sauran jiki taurarewa.

Hanyar da ta fi hannu aminci ita ce a tanadi ƙarafa biyu miƙaƙƙu tun kamin a hura wuta, irin masu kusurwar nan da masu walda ke kira korniyer, ko faifai biyu masu kauri. Ana fiddo wuƙa daga mai sai a sa ta tsakaninsu a matse cikin eto, wato matsewar ƙarfen nan mai baki biyu da ake kafawa a tebur, a bar ta ta huce a ciki. Fuskokinta biyu na hucewa tare, kuma tana taurarewa ne a miƙe. Mai ba da ruwa da ruwan zalla da wuya ya kama wannan dama, domin ruwa na zuƙe zafi da saurin da ya fi na mai nesa ba kusa ba.

Dama ta biyu: a ɗaure ta a gasa

Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace kiyaye tauri, kuma ita ya kamata a fara gwadawa in dama ta farko ta wuce. Da fari a yi wa wuƙar gashin sassauci na farko haka nan, ba tare da an matsa ta ba, domin wuƙar da ba ta ga gashi ko sau ɗaya ba tana iya karyewa tun wajen ɗaurewa. Kuma kada a bar ta ta kwana ba a gasa ba, domin tana iya tsagewa da kanta cikin dare.

Bayan gashin farko, tun tana da zafi, a samo ƙarfe miƙaƙƙe mai kauri wanda ya kai tsawonta. A jingina doron wuƙar da shi, a matse kai da gindi da abin matsi na ƙarfe ko da wasu gajerun ƙarafa masu noti, har ta kwanta ɗaf. A mai da su cikin zafin da aka yi gashin farko, awa ɗaya zuwa biyu, a bar su su huce tare kamin a kwance. Ƙaramar karkata na tafiya da wannan kaɗai.

In ta dawo da rabin bakanta, sai a ƙara mata da ƴar dabara. A sa tsabar dala biyar ko wani siririn ƙarfe tsakanin doron da ƙarfen jingina, daidai inda aka sa alamar alli, sa'annan a matse kai da gindi. Yanzu wuƙar ta wuce miƙe, ta ɗan karkata zuwa ɗaya gefen. Idan aka gasa aka kwance, za ta dawo kaɗan ta tsaya a tsakiya. A fara da abu siriri, in bai isa ba a ƙara kauri a zagaye na gaba. Gara a yi zagaye ukku da a matsa da yawa sau ɗaya. Murɗaɗɗiyar wuƙa ma haka ake yi mata, sai dai ana sa tsabar ne a kusurwoyi biyu masu kallon juna, ɗaya wajen baki kusa da tsini, ɗaya wajen baya kusa da ƙota, gwargwadon inda murɗar ta nufa.

Tambayar da maƙeri zai yi ita ce ina zai samu zafin digiri 200 da zai tsaya wuri ɗaya har awa guda. Mai tandar gas ko ta lantarki irin ta gashin kek ya huta, amma kada ya yarda da lambar da ke jikin makunni, domin sau da yawa ba ta faɗin gaskiya. Ya sa guntun ƙarfe gogagge a ciki tukuna ya ga launin da zai yi. Tandar gidan burodi ta fi ƙarfin wuƙa lokacin da ake gashi, sai bayan an gama ta fara hucewa. Akwai kuma yashi: a cika doguwar tasa ta ƙarfe da busasshen yashi, a ɗora bisa garwashi marar ƙarfi, a binne wuƙar a tsakiya nesa da gindin tasar, a bar guntun gwaji a ciki ana dubawa. Yashi na raba zafi daidai kuma ba ya saurin hawa ko sauka. Man gyaɗa ma na yi, domin zafin da ake suyar ƙosai da shi, wajen digiri 170 zuwa 190, ya yi kusa da abin da ake nema. Amma mai na kama wuta, don haka a yi a fili, da murfi kusa, kuma kada ɗigon ruwa ya shiga. A lura cewa launi na ƙara duhu in ƙarfe ya daɗe cikin zafi, ko da zafin bai ƙaru ba, saboda haka a goge guntun gwaji a kowane zagaye.

Matsi a wuri ukku

Mai gaggawa na iya amfani da eto. Ana sa gajerun rodi guda biyu a baki ɗaya na eto, nesa da juna kamar tsawon yatsa, ɗaya kuma a ɗayan bakin, a tsakiyarsu. Guda biyun na tokare cikin bakan, ɗayan na danna doron. Sai a fiddo wuƙa daga zafin gashin sassauci a sa ta nan take, a murɗa eto sannu har ta wuce miƙe kaɗan, a riƙe, a saki, a duba. Da ta huce ta kai yadda hannu zai iya taɓawa, a mai da ta ta sake ɗaukar zafi. Wannan hanya na da sauri, amma ita ce ta fi karya wuƙaƙe, musamman na magagari. A sa tabarau na kariya, a kuma kau da yara daga wurin, domin ɓarɓashin wuƙar da ta karye cikin eto na tashi da ƙarfi.

Ɗumama baya, a kare baki

Ga adda da dogayen wuƙaƙe masu faɗi, akwai hanyar da ke sadaukar da taurin gadon baya domin a ceci na baki. Ana tsoma bakin cikin tire mai ruwa, zurfin santimeta ɗaya ko fiye kaɗan, ko a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. A goge wurin doron ya yi fari, a ɗumama gadon baya kaɗai da wutar gas ta masu walda, ko a jingina masa jan ƙarfen da aka fiddo daga wuta, har ya yi shuɗi. Tun da zafinsa a tanƙwara shi a eto. Ido na kan launi koyaushe: in ruwan zuma ya fara gangarowa wajen baki, a tsoma wuƙar duka cikin ruwa. Baya mai ɗan laushi ba aibi ba ne ga adda, yana ma taimaka mata ta jure sara. Ga siririyar wuƙar kilishi kuwa hanyar ba ta dace ba, domin tazarar baya da baki ba ta da yawa, zafi na isa bakin kamin a ankara.

Bugun cikin baka

Akwai hanyar da ba ta bukatar zafi ko kaɗan, amma tana saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa. Maimakon a bugi doron, cikin bakan ake bugu. Ana kwantar da wuƙar da aka riga aka yi wa gashin sassauci bisa uwar maƙera, doron na ƙasa yana taɓa ƙarfe sosai, sai a riƙa ɗan ƙwanƙwasa fuskar sama da ƴar guduma mai kai ƙarami wanda ya fi wuƙar tauri. Wasu na dasa wa guduma kan ƙusar injin huda siminti, wanda aka yi da tungistan. Kowane bugu na buɗa fatar ƙarfen wurin kaɗan. Fuskar da ta gajarce na ƙara tsawo, wuƙar na miƙewa da kanta. Bugun ya zama marar ƙarfi, mai yawa, a yi nesa da baki da tsini, a riƙa dubawa bayan kowane bugu goma. Aibin hanyar shi ne tana barin ƴan tabo, kuma in aka gurje su da zurfi wani ɓangare na karkatar na iya dawowa.

In duk sun ƙi

Karkatar da ba ta wuce milimeta ɗaya ba a wuƙa mai kauri ana iya cinye ta da gurza: a rage doron a fuska ɗaya, a rage kai da gindi a ɗayar. A nan ma haɗarin zafi ne. Injin gurza na iya ƙona siririn baki cikin ƙiftawar ido, kuma shuɗin da ya bayyana a baki shaida ce cewa wurin ya yi laushi. A riƙe wuƙar da hannu tsirara domin a ji zafinta, a riƙa tsoma ta cikin ruwa bayan kowane wucewa. Bakin da ya yi kwana-kwana kuma gyaransa shi ne a gurje shi baya har a kai inda ƙarfen ke miƙe, wuƙar ta ɗan rage faɗi.

Babbar karkata ko murɗar da ta ƙi jin gashi, maganinta a koma farko. A gasa wuƙar ta yi ja, a miƙe ta da guduma ta icce, a bar ta ta huce a iska, sa'annan a sake ban ruwa. Taurin zai dawo cikakke. Sai dai kowane komawa wuta na ƙona ɗan karbon na fatar ƙarfe, yana kuma ƙara yiwuwar tsagewa, don haka ba abin maimaitawa ba ne sau da yawa. Wuƙaƙen kanti marasa tsatsa, waɗanda ake kira inoks, ba sa cikin wannan lissafi, domin ban ruwansu na bukatar zafin da ya haura digiri 1000 da tanda mai ma'auni.

Bayan kowane irin gyara, a gwada bakin da sabon magagari daga ƙota har tsini. A wuƙa mai tauri magagari na zamewa da ƙara siririya, da ƙyar yake kamawa. In akwai wurin da ya ci da sauƙi, nan zafi ya wuce iyaka.

Rigakafi

Rabin karkatar da ake fama da ita ana iya hana ta tun kamin a kai ga mai. Bayan an gama ƙira, a gasa wuƙar har mayen ƙarfe ya daina kamawa, a rataye ta ta huce a iska, a maimaita sau biyu ko ukku, kowane zagaye da zafi ƙasa da na baya kaɗan. Wannan na sauke damuwar da masaba da shekarun mota suka bari, kuma in wuƙar na da niyyar karkata, a nan za ta nuna, lokacin da gyaranta ba wuya. A gurje fuskoki biyu daidai, a bar baki da kaurin milimeta ɗaya ko fiye, a ƙarasa shi bayan gashin sassauci. A riƙa juya ta cikin gawayi, kuma a yi ban ruwa cikin inuwa ko da magariba, domin hasken rana na ɓoye jan ƙarfe har a zarce zafi ba a sani ba.

Ƙarfen resor mai yake so, ruwa na yawan tsaga shi. Man ya zama mai ɗumi, wajen digiri 50, cikin gwangwani mai zurfin da zai haɗiye wuƙar duka. Man gyaɗa ya fi baƙin man mota, wanda hayaƙinsa ke da illa ga huhu. A shigar da wuƙar a miƙe, tsini ko baki a gaba, a motsa ta sama da ƙasa ko gaba da baya kamar ana yanka man, ban da hagu da dama.

Shi ma mai saye yana da abin dubawa kamin ya miƙa kuɗinsa. Ya ɗaga wuƙar a saitin ido ya bi bayanta da bakinta, ya nemi tabon shuɗi kusa da kaifi, ya ƙwanƙwasa ta ya saurari ƙararta. In kuma oda ya bayar, ya kai ta da wuri. Gashin sassauci sau biyu da gyaran karkata na cin yini guda cur, kuma maƙerin da aka tsaya a kansa ana jajibirin salla ba shi da wannan yinin.